Turare Ba Ya Wanke Zarni: Magana Ga Mai Sabon Kwikwiyo



A 'yan shekarun nan kiwon kare ya shigo unguwannin da a da sai dai a jiyo haushinsa daga gidan mafarauci ko daga ruga. Tsoron masu haura katanga ya sa magidanta da dama a Kano da Kaduna da Jos da Abuja sun fara neman kwikwiyo, wani na gida, wani irin na 'yan sanda da matasa ke kira Jaman Shefad. Ana kawo shi a cikin kwali, yara su yi ta murna, a raɗa masa suna. Kafin mako biyu iskar gidan ta sauya. Uwargida ta ƙara garwashi a kasko, maigida ya sayo turaren fesawa, baƙo kuwa ya shigo ya zauna a takure, ya kasa shan ruwan da aka kawo masa, kunya kuma ta hana shi faɗin dalili.

Ra'ayina a kan wannan guda ɗaya ne. Gidan da ke da sabon kwikwiyo yana iya zama fes, amma ba da turare ba. Wari saƙo ne da ke nuna inda aka bar wani aiki ba a yi ba, kuma wanda ya kawo karen shi ne ya kamata ya ɗauki wannan aiki da hannunsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na san akwai wanda zai ce me ya haɗa gidan Musulmi da kare har a zauna ana zancen ƙamshi. Tambaya ce mai kyau, kuma hukuncinta na malamai ne. Abin da aka sani shi ne hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata ta gaske. Malaman Malikiyya ma suna kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa ya ajiye kare saboda tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. A mazhabar Maliku jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, a ta Shafi'i najasa ne mai nauyi, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne a wurinsu duka. Ke nan duk ɓangaren da mutum ya bi, muhallin kare shi ne tsakar gida ko bayan gida, nesa da ɗakin kwana da madafa da inda ake shimfiɗa sallaya. Kuma ga mai sallah sau biyar a rana, batun zarni ya wuce batun jin daɗin hanci, ya shiga batun tsarki.

Matsala ta farko ita ce mai gida ba ya jin warin gidansa. Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a sha'anin wari mai ɗaki ne na ƙarshen sani. Haka Allah ya halicci hancin ɗan Adam: idan wani wari ya daɗe yana shiga, sai ƙwaƙwalwa ta daina kula shi. Shi ya sa mai sayar da kifi ba ya jin ƙarni, mai aikin gidan mai ba ya jin fetur. Don haka kada ka yarda da hancinka. Idan ka dawo daga tafiyar kwana biyu, shaƙa ta farko da za ka yi a zaure ita ce gaskiyar abin da baƙonka ke ji kullum. In ba haka ba, ka tambayi ɗan uwan da ba ya jin nauyinka.

Harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin, domin Hausa ba ta tara wari wuri ɗaya ba. Akwai zarni, akwai ɗoyi, akwai hamami, akwai bashi, akwai ƙarni. Kowanne da inda yake fitowa a jikin kare ko a muhallinsa. Wanda ya tsaya ya kira warin gidansa da sunansa ya san inda zai kai bokiti. Wanda ya ce kawai "gidan na wari" shi ne ke zarcewa wurin mai turare.

Mu fara da zarni, don shi ne ya fi naci. Fitsarin kare yana ɗauke da yuriya, sinadarin nan dai da manoma suka sani a buhun takin zamani. Sabon fitsari ba ya da wari sosai. Idan ya zauna, ƙwayoyin cuta da ke ƙasa su farfasa yuriyar ta koma amoniya, wannan ita ce iskar da ke sukar hanci har ta sa ido ruwa. Zafi da laima suna hanzarta wannan aiki, shi ya sa tsakar gidan da ake iya jurewa da hunturu yakan gagari zama da bazara da damina. Daɓen siminti kuma yana shan ruwa kamar tulu. Fitsarin da aka bari ya bushe a kansa ya shige ciki, duk ranar da ruwa ya taɓa wurin sai zarnin ya sake tashi.

Ga kuma hancin shi kansa karen. Masana suna ƙiyasta cewa ɗan Adam na da ƙwayoyin jin wari kusan miliyan 6, kare kuwa yana iya kaiwa miliyan 300. Wurin da ka watsa wa ruwa ka ga ya yi tas, a wurinsa alama ce da ke cewa nan ne makewayi. Zai koma gobe, ya koma jibi. Ba taurin kai ba ne, abin da hancinsa ya gaya masa yake bi. Dukansa ko goga masa hanci a cikin fitsarin, kamar yadda wasu ke yi, ba ya koya masa komai sai tsoronka. Abin da ke biyo baya shi ne ya riƙa ɓuya bayan tanki ko ƙarƙashin mota ya yi abinsa, inda ba za ka gani ba sai wari ya kai ka.

Maganin zarni na haƙiƙa shi ne agogo. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu ko makamancin haka, kuma masu horar da karnuka suna lissafa kusan awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa. Yawancinsu sai sun kai wata 4 zuwa 6 kafin su mallaki mararsu sosai. Ka zaɓi lungu guda, nesa da rijiya da madafa da wurin wasan yara, ka zuba yashi. Ka kai shi can da zarar ya farka daga barci, da 'yan mintoci bayan ya ci abinci, da bayan ya yi wasa, da kafin a kwanta. In ya yi a wurin, ka yaba masa nan take ko ka ba shi ɗan abin taunawa, don ya haɗa aikin da ladan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata uku na wannan wahala yana saya maka shekara goma na hutu, domin irin waɗannan karnuka sukan rayu kusan haka.

Idan ya yi kuskure a inda bai kamata ba, kada a bari ya bushe. A tsane shi da tsumma ko garin katako, a dannawa ake yi ba gogewa ba, musamman a kan kafet ko tabarma, don goga tana tura shi ciki. A wanke da ruwa da sabulu, a ɗauraye, sannan a bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, wanda ke kashe kaifin amoniya. In wurin ya sha iska a barbaɗa bekin soda, a share bayan ya bushe. A shagunan magungunan dabbobi na manyan birane ana samun ruwan wanki na musamman da ke cinye ragowar fitsari gaba ɗaya, mai hali ya saya. Yashin lungun kuwa a riƙa kwashe wanda ya jiƙe ana sake sabo.

A nan akwai gargaɗin da ya shafi rai. Kada a tsiyaya ruwan bilic irin su Hypo ko Jik kai tsaye a kan fitsarin da ya taru, kuma kada a haɗa shi da khal ko da wani maganin wanki. Bilic da amoniya suna fitar da iska mai ƙona huhu, bilic da khal ma haka, kuma abin ya fi muni a rufaffen wuri. Sai an gama wankewa an ɗauraye sannan bilic ya biyo baya shi kaɗai, a sirke. Magungunan wanke makewayi masu ƙarfin wari irin su Izal su ma suna cutar da dabba idan ta lasa ko ta taka da danshi, don haka a ɗauraye wurin ya bushe kafin a mayar da kwikwiyo.

Sai ɗoyi, wato na kashi. Rabinsa daga kwanon abinci yake farawa. Mun saba ɗaukar kare a matsayin bola mai ƙafa huɗu: ragowar tuwo, miyar da ta kwana ta yi tsami, ƙashin kaza, duk a juye masa. Cikin kwikwiyo ba ya ɗaukar wannan. Albasa da tafarnuwa da ke cikin kusan kowace miyarmu suna lalata jinin kare, yaji da mai suna sa shi zawo, madarar shanu ma da yawansu ba sa iya narkar da ita bayan yaye. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. A ba shi abinci iri ɗaya, sau uku ko huɗu a rana, a lokuta sanannu, a ɗauke kwanon in ya gama. In za a sauya masa abinci a yi a hankali cikin mako guda, ana gauraya tsoho da sabo. Cikin da ke cin abinci a kan lokaci yana fitarwa a kan lokaci, kai kuma ka san sa'ar da za ka zo da shebur.

Kwashe kashi kullum, safe da yamma, ya wuce gyaran iska. Kwikwiyoyi da yawa ana haifarsu da tsutsar ciki da suka samu daga uwa. Ƙwan wannan tsutsa yana fita a cikin kashi, yana ɗaukar mako 2 zuwa 4 a cikin ƙasa kafin ya zama mai kama mutum, daga nan kuma yakan daɗe da rai. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida yana kai hannu baki shi ne a sahun gaba, kuma tsutsar tana iya taɓa hanta ko ido. Akwai wata kuma da ke shiga ta fatar ƙafar mai yawo ba takalmi. Wanda ya kwashe kashin a ranar da aka yi shi ya yanke wannan hanya tun daga tushe. A binne shi a rami mai zurfi a bi da toka, ko a ƙulle a leda a kai bola. Maganin tsutsa kuwa likitocin dabbobi suna fara ba da shi tun kwikwiyo na da mako 2, a riƙa maimaitawa a kai a kai, don haka ka tambayi wanda ya sayar maka ko an ba shi, kuma kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 a wurin uwarsa ba.

Akwai wani ɗoyin da bai kamata a tsaya neman sabulu a kansa ba. Idan kwikwiyo ya daina cin abinci, yana amai, yana zawo da jini mai mugun wari, ana zargin cutar fabo, wadda ke kashe ƙananan karnuka cikin 'yan kwanaki. Wannan na likita ne a ranar. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, kuma bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti 10 a kan wurin da aka riga aka wanke, yana cikin 'yan abubuwan da ke kashe ta. Rigakafinta ana fara shi daga mako 6 zuwa 8, a maimaita har zuwa wajen mako 16. Allurar ciwon haukan kare kuma daga wata uku. Wannan ba abin nema daga Turai ba ne: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana sarrafa allurar haukan kare, kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ban da asibitocin dabbobi na jihohi. Da mai gidan ya rufe wancan ɗoyin da turare, da ya rufe saƙon da zai ceci dabbarsa.

Hamami na jiki ne da gashi. A kan fatar kowane kare akwai maiƙo da ƙananan halittu da ke rayuwa a cikinsa, idan ruwa ya jiƙa gashin sai warinsu ya taso tare da tururi. Wannan ne sanannen warin jiƙaƙƙen kare. Mutane kan ɗauka maganinsa wanka kullum ne da garin sabulun wanki, alhali hakan yana busar da fata, ta yi ƙaiƙayi, ta tsage, warin ya ƙaru. Wanka sau ɗaya cikin mako uku ko huɗu da sabulun karnuka ya isa, sai in ya yi birgima a cikin ƙazanta. A yi shi da hantsi, a tsane shi da tawul ɗinsa na kansa, ya bushe sarai. Abin da ya kamata a yawaita shi ne taje gashi da buroshi, don yana fitar da ƙura da mataccen gashi, kuma a nan ake ganin kaska da ƙuma da wuri. A leƙa kunne duk mako. Kunnen da ke wari, da baƙin datti, kare na ta girgiza kai, ciwo ne. Kuma don Allah a daina shafa wa kare baƙin mai saboda ƙazuwa, a daina fesa masa fiya-fiya saboda kaska. Duka biyun guba ne gare shi da yaran da ke shafa shi.

Bashi na shimfiɗa ne. Buhu ko tsohon bargon da aka jefa masa ranar da ya zo, idan ba a taɓa ɗagawa ba, ya fi karen kansa wari. A tanadi biyu, ɗaya na ƙarƙashinsa ɗaya na kan igiya, a wanke duk mako a shanya a rana. Rana kyauta muke samunta, kuma babu turaren da ya kai ta aiki. Ɗakin karen ya kasance daɓensa ya ɗan gangara don ruwa ya wuce, da katakon da zai ɗaga shi daga ƙasa, da tagar da iska ke ratsawa. Kwanon gawayi a inda bakinsa ba ya kaiwa yana taimakawa wajen tsotse wari.

Ƙarni kuwa a fara duba kwano. Na roba yana karcewa ya riƙe maiƙo, na silba ya fi sauƙin wankewa. A wanke shi bayan kowane ci da soson da aka ware masa, ba a haɗa shi da kwanonin gida ba. In ƙarnin kamar na kifi ne, kare kuma yana jan gindi a ƙasa, wasu 'yan jakunkuna biyu ne da ke gefen duburarsa suka cika, likita zai matse su. Ɗan warin baki tsakanin wata 4 zuwa 6 kan zo da famfara, lokacin da haƙoran nono 28 ke zubewa na girma 42 ke fitowa, kuma yakan wuce.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci ne, a kulle shi a keji a riƙa watsa ruwa. Wannan ita ce dabarar da ta fi haifar da wari. Kare a ɗabi'arsa ba ya son ɓata makwancinsa, wannan ɗabi'a ce ma ake dogara da ita wajen horar da shi. Idan aka kulle shi dare da rana sai dole ta sa ya kwanta a cikin fitsarinsa, ya saba, ɗabi'ar ta mutu, gashinsa ya zama soso. Ka sami kare mai wari, mai ciwon fata, mai baƙin rai da zai iya cizon ɗanka kafin ya ciji ɓarawo. Wani kuma zai ce kayan tsaftar sun yi tsada. In ka cire allura da maganin tsutsa, sauran duk ruwa ne da yashi da rana da lokaci. Wanda ya iya biyan kuɗin kwikwiyon waje bai da hujjar kukan kuɗin sabulu.

Lokacin nan shi ne inda gizo ke saƙar. A gidaje da yawa saurayi ne ko maigida ke kawo kare don sha'awa ko tsaro, ya ɗauki hoto da shi, ya fita tun safe. Kwashe kashin sai ya faɗa kan matar da ba a yi shawara da ita ba, ko 'yar aiki, ko almajirin da ke yi wa gidan aike, sau da yawa ba safar hannu ba takalmi. Wannan zalunci ne, kuma shi ne dalilin da ya sa aikin ba ya yiwuwa da kyau, don ba wanda ke kyautata aikin da yake ƙyama aka tilasta masa. Kafin a kawo kwikwiyo a zauna a yi magana: wa zai tashi da asuba ya fitar da shi, wa zai kwashe, wa zai wanke. In amsar ita ce "za a samu wanda zai yi", a bar kwikwiyon wurin uwarsa, a ƙara tsawon katanga.

Sannan akwai maƙwabci. Ruwan wankin ɗakin kare da ake korawa ta rariya ya kwanta a kwatar ƙofar gidan wani, da kejin da aka jingina da bangon ɗakin kwanansa, duk shiga haƙƙi ne. Mutumin da ya yi shiru ba yarda ya yi ba, kawaici yake yi, kuma kawaici yana da iyaka. A haƙa wa ruwan ramin da zai tsotse a cikin gida, a matsar da kejin.

Turare fa? Yana nan da matsayinsa. Turaren wuta na Maiduguri da humra da kajiji ado ne na gidan da aka riga aka share, kamar kwalliya bayan wanka. Idan aka ɗora shi a kan zarni, abin da ke fitowa wari ne na uku da ya fi na farko tayar da zuciya, kuma duk macen da ta san turare ta san haka. A kunna shi a ɗakunan mutane bayan an gama aiki, nesa da kwikwiyo, don hayaƙi yana damun hancinsa da ƙirjinsa.

Kare bai roƙi a kawo shi ba. Wanda ya ɗauko shi ya ɗauki amanar dabba, da lafiyar yaran gida, da tsarkin wurin sallah, da haƙƙin na bayan katanga. Mai niyyar kawo kwikwiyo ya fara sayen shebur da bokiti da buhun yashi, ya kuma duba ko yana da awa ɗaya a kowace rana da zai ba wannan aiki. In yana da ita, bismillah. In babu, haƙuri ya fi masa alheri.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashinmu.